Na Bi Sawun Kuɗin Burtsatsenmu a Shafin Open Treasury

Shekara 23 na yi ina riƙe da sito a wata masaƙa a Kakuri, Kaduna, kafin injuna su yi shiru a sallame mu. Aikin sito ya bar min cuta guda: ba na yarda da kaya sai na ƙirga, ba na yarda da ƙirga sai na ga takarda. Direba zai shigo da tirela ya ce dila 200 ya kawo, sai in ce to, a sauke. In 198 na gani, 198 zan rubuta, ko zai kwana yana rantsuwa. Da na tattara na dawo gida, wannan halin ne ya sa 'yan ƙungiyar ci gaban garinmu suka ɗora min ma'aji. Sun san aljihuna babu nauyi, amma sun san kuma ba na jin kunyar tambayar rasit, ko a hannun surukina ne.

Burtsatsen da ya jawo wannan rubutu yana bayan makarantar firamare, gefen hanyar maƙabarta. Aikin mazaɓa ne, irin wanda ɗan majalisar tarayya ke sakawa a kasafin kuɗi. Ranar da aka kafa allonsa har guɗa aka yi. Allo ne kore da fari, da sunan hukumar da ta ba da kwangilar, da sunan kamfanin, da sunan mai girma ɗan majalisa cikin haruffan da suka fi na kowa ƙiba. Motar haƙa ta zo ta yi kwana 4 tana ruri, aka taɓo ruwa, yara suka yi ta birgima a taɓo. Aka zura bututu, aka kafa ƙafafun ƙarfe huɗu da za a ɗora tanki. Shi ke nan. Ba tanki, ba sola, ba kan famfo. Damina biyu ta wuce, ƙafafun suka yi tsatsa, awaki suka mayar da gindinsu wurin hutawa, mu kuwa muna ta sayen jarka a hannun 'yan ga-ruwa.

Duk wanda muka tambaya amsa ɗaya ce. Yaron ɗan kwangila ya ce ba a saki kuɗi ba. Kodinetan ɗan majalisa ya ce Abuja ba ta saki kuɗi ba, mu ci gaba da addu'a. Maganar nan tana da wani irin ƙarfi, domin ba ta da ƙofar da talaka zai shiga ya ƙaryata ta. Wa ka sani a baitulmalin tarayya? Sai ka ce Allah ya sa a saki, ka shafa, ka karkaɗe riga ka tashi.

Ɗan ƙanwata, wanda ya yi bautar ƙasa a Abuja, shi ya fara cire min wannan ƙaya. Ya zo hutun sallah ya tarar da ni ina mita, sai ya ce, “Kawu, ai yanzu ana iya dubawa. In an biya su, sunansu na nan a intanet.” Na ce yaro, gwamnatin da ba ta gaya maka ranar da za ta ɗauke wuta ita ce za ta gaya maka wa ta biya? Ya yi dariya ya buɗe kwamfutarsa a kan tabarma.

Sunan shafin Open Treasury, adireshinsa opentreasury.gov.ng. An ƙaddamar da shi ranar 9 ga Disamba 2019, zamanin Shugaba Muhammadu Buhari, kuma ofishin Akanta Janar na Tarayya ne ke riƙe da shi. Ƙa'idar da aka kafa shi a kanta ita ce, duk kuɗin da wata ma'aikata ko hukumar tarayya ta biya da ya haura naira miliyan 5 a wallafa shi a rahoton kullum, shi kuma baitulmali ya wallafa abin da ya kai miliyan 10. Bayan wannan akwai rahoton wata-wata na yadda ake aiwatar da kasafi, da na wata uku-uku. Ba a biyan ko kwabo, ba a tambayar ko kai wane ne, ba a neman takardar gabatarwa daga hakimi. Data kawai za ka saya. Ni da na saba da ofisoshin da masinja ma sai ya ja maka aji kafin ya gaya maka oga na ciki, wannan kaɗai ya burge ni.

Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne asusun bai-ɗaya da aka tilasta wa hukumomi komawa cikinsa a 2015, da kuma manhajar GIFMIS da ake bi ta cikinta wajen biyan kuɗi. A da kowace hukuma tana da asusunta birjik a bankunan kasuwa, wasu ma shugaban hukumar da akantansa ne kaɗai suka san da su. Yanzu yawancin kuɗin ta ƙofa ɗaya suke fita daga Babban Banki. Mu a sito mun san wannan tun tuni: in ƙofa ɗaya ce, littafi ɗaya ya isa.

To amma kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka zai buɗe wayarsa ya rubuta sunan garinsu ya ga burtsatsensu. Ba haka aka gina shi ba. Rahoton kullum fayil ne na Excel, kowace rana da nata. Ka zaɓi shekara, ka zaɓi wata, ka zaɓi rana, ka sauke. A ciki za ka ga layuka jere: lambar biyan, hukumar da ta biya, sunan wanda aka biya, adadin kuɗi, sai ɗan bayanin abin da aka biya dominsa. Komai da Turanci, Turancin ma irin na akantoci, a gajarce, a cushe. A waya kuwa wahala ce tsagwaronta, sai ka yi ta jan allo hagu da dama, kafin ka kai kan adadin kuɗi ka manta sunan wa kake bi. In ba ka san ranar da aka yi biyan ba, kuma ta ina za ka sani, to ka shiga neman allura cikin ruwa. Mun yi dare biyu muna buɗe fayil muna rufewa. Yaron ya koya min yadda ake danna maɓalli biyu a rubuta sunan kamfani, kwamfuta ta laluba da kanta. A dare na biyu idona ya fara ruwa, shayi ya huce, sauro ya samu liyafa.

Rana ta uku yaron ya ce bari mu gwada wani shafin mai suna Govspend. Wannan na ƙungiyar BudgIT ne, wadda Oluseun Onigbinde da abokinsa suka kafa a 2011. Ba su da wasu alƙaluma nasu na daban. Na Open Treasury ɗin suke kwasowa su zuba a rumbu ɗaya, su sa akwatin bincike a sama. Ka rubuta sunan kamfani ko na hukuma, ya zubo maka abin da ya samu. Aikin da ya ci mana dare biyu, a nan bai kai tafasar ruwan shayi ba. Shawarata ga duk mai son bin sawu ita ce ya fara da Govspend ya samo rana da adadi, sannan ya koma shafin gwamnati ya sauke fayil ɗin ranar. Dalilina shi ne, ranar da za ka aje takarda a gaban jami'i, in ta ƙungiya ce zai ce ai 'yan neman suna ne. In daga shafin Akanta Janar ta fito, sai dai ya gyara zama.

Wani abu da ya kamata a yi tun kafin duk wannan, mu sai daga baya muka gane: a nemo layin aikin a cikin kasafin kuɗin shekarar. Ofishin Kasafi na Tarayya yana wallafa kundin, kuma ayyukan mazaɓu suna da lambobinsu da ke farawa da ZIP. An daɗe ana ware musu naira biliyan 100 a shekara. A Nuwamba 2019 Buhari da bakinsa ya ce an ware kusan tiriliyan 1 cikin shekara 10 ba tare da talaka ya gani a ƙasa ba, 'yan majalisa kuma suka yi masa ca. Namu layin mun same shi, naira miliyan 20, an rubuta burtsatse mai aiki da hasken rana, da tanki, da wurin ɗiban ruwa. Abin da ya ɗaure min kai shi ne hukumar da aka maƙala wa aikin. Wata cibiyar bincike ce da ba ruwanta da ruwan sha, hedikwatarta ma tana wata jiha da sai ka kwana a mota kafin ka isa. Ashe ba mu kaɗai ba ne. Hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC da BudgIT sun sha kokawa kan yadda ake cusa ayyuka a hukumomin da ba huruminsu ba. Ni dai na ce, wanda zai kwana a hanya kafin ya zo duba aiki, ai a ofis zai duba shi.

Layi biyu muka samu da sunan kamfanin. Na farko kafin alƙalami ne, an biya shi makonni kaɗan kafin motar haƙa ta zo, lissafi ya yi daidai. Na biyu ya zo bayan wasu watanni, ya fi na farkon girma nesa ba kusa ba, kuma a gurbin bayani an rubuta cewa biya ne na aikin da aka kammala. Na sa yaron ya karanta min sau uku. Na cire tabarau na goge na karanta da kaina. A ranar da aka tura wannan kuɗi, akuyar maƙwabcina tana kwance a inuwar ƙafafun tankin da babu tanki.

A nan zan ja kunnen masu saurin fushi, domin na kusa faɗawa ramin da kaina. Da na haɗa layukan biyu sai na ga miliyan 16 da ɗoriya, alhali kasafi ya ce 20. Zuciya ta ce ga wata satar kuma. Ba lallai ba ne. Abin da ke shiga asusun ɗan kwangila ba shi ne cikakken kuɗin kwangila ba. Ana cire harajin VAT, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a Fabrairu 2020. Ana cire harajin da ake riƙewa tun daga tushe. Ana kuma riƙe wani kaso, galibi kashi 5, sai an ga aikin bai lalace ba cikin 'yan watannin farko. Da na zauna da biro na zaftare waɗannan, sai giɓin ya kusa rufewa. Da na tashi a taro na yi ihun an sace miliyan 4, da kodineta ya samu abin da zai kunyata ni da shi, a manta da ainihin maganar. Ainihin maganar kuwa ba ta buƙatar ƙari: an biya kuɗin kammala aiki, aiki bai kammala ba.

Kuma a nan ne iyakar shafin take. Yana amsa tambaya ɗaya tak, wato an biya ko ba a biya ba. Ba ya gaya maka an yi ko ba a yi ba. Ni da na yi rayuwata cikin bauca na san abin da layi na biyun nan ke nufi. Kafin kuɗi irin wannan ya fita, dole wani ya sa hannu a takardar shaidar kammala aiki. Dole wani ya shirya bauca, wani ya duba, oditan cikin gida ya buga hatimi, babban jami'i ya amince. Aƙalla hannu huɗu ko biyar sun taɓa takardar burtsatsenmu, kowa ya ga komai daidai. A takarda, matanmu sun shekara suna ɗiban ruwa. Shafin ba ya nuna maka waɗannan hannuwa, ba ya nuna takardar kwangila, ba ya nuna jerin kayan da aka yi alkawari, balle hoto. Layin ƙarshe kawai yake ba ka, kamar ka tarar da rasit a ƙasa ba ka san ko an kai kayan gida ba.

Akwai wasu ramukan da ya kamata mai amfani da shi ya sani. Iyakar miliyan 5 ɗin nan, duk wanda ya taɓa aikin ofis ya san yadda ake bi ta ƙarƙashin irinta: a raba biya ɗaya gida uku. Sannan gurbin bayani, wanda shi ne ran abin, ba kullum ake cika shi yadda zai yi amfani ba. A 2020 BudgIT ta fitar da nazari kan shafin, ta nuna dubban biya na biliyoyin naira da aka yi babu bayani, da wasu dubban da suka tafi asusun ɗaiɗaikun mutane. Dokokin kuɗi na gwamnati na 2009 sun hana zuba kuɗin jama'a a asusun mutum, kuma kowa ya ji yadda wannan ƙa'ida ta yi tashe a Janairu 2024, lokacin da takardar naira miliyan 585 ta ma'aikatar jinƙai ta fito har aka dakatar da minista. Duk da haka ba duk sunan mutum da ka gani ba ne ɓarawo. Akwai haƙƙoƙin ma'aikata, akwai kuɗin tafiya. Ganin suna dalili ne na tambaya, bai kai hujjar yanke hukunci ba. Babban giɓin a wurina shi ne na tarayya ne kaɗai. Rufin ajin da iska ta yaye, maganin da babu a asibitin gari, kwalbatin da ya karye, yawancinsu na jiha ne ko ƙaramar hukuma, kuma ba za ka same su a nan ba ko ka kwana kana nema.

Da na gama da wannan sai na tambayi kaina, to wane ne aikinsa ya kama irin wannan? Amsar ita ce Odita Janar na Tarayya, babban mai binciken kuɗi. Sashe na 85 na tsarin mulkin 1999 ne ya kafa ofishin, ya ba shi ikon duba littattafan ma'aikatu da kotuna da ofisoshin tarayya, ya kuma ce ba ya karɓar umarni daga kowa a kan aikinsa. Cire shi ma sai da goyon bayan kashi biyu cikin uku na majalisar dattawa. Idan Akanta Janar ya miƙa masa lissafin shekara, yana da kwana 90 ya kai rahotonsa majalisa, inda kwamitin binciken asusun gwamnati, wanda bisa al'ada ɗan adawa ke shugabanta, zai kira shugabannin hukumomi su yi bayani.

Na sa an sauke min ɗaya daga cikin rahotannin, ɗaruruwan shafuka, na yi mako biyu ina bi a hankali bayan sallar asuba. Gaskiya na ji daɗinsa fiye da yadda na zata, don yarena yake yi. Kowace matsala an jera ta: ga abin da aka gani, ga haɗarin da ke ciki, ga amsar hukumar, ga shawara. Kuma abubuwan da ake gani ɗin, wallahi su ne na sani a sito. An sayi kaya babu takardar shigarsu sito. An ba ma'aikaci kuɗi a hannu ya yi aiki, shekara ta juyo bai kawo rasit ba. An cire haraji ba a kai wa hukumar haraji ba. An biya kwangilar da ba a yi ba. An nemi bauca an ce ba a gan ta ba. A gurbin amsar hukuma kuwa, sau da yawa kalma biyu ce: babu amsa. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne rahoton 2019, inda aka ce ya zuwa Disamba 2018 akwai makamai 178,459 na 'yan sanda da ba a iya nuna inda suke ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Ni da aka taɓa tsare ni har dare a kan ƙwan fitila 12 da lissafinsu bai cika ba, na aje takardar na yi shiru.

Matsalar rahoton ita ce lokaci. Na shekarar 2021 sai a Nuwamba 2024 ya fito. Kafin nan an canza gwamnati, darakta ya yi ritaya, ɗan kwangila ya sake sunan kamfani, ɗan majalisa ya koma wata jam'iyya. Ihu bayan hari ke nan. Ba duk laifin ofishin ba ne, tunda kwana 90 ɗinsa ba sa fara ƙirguwa sai lissafi ya iso hannunsa. Kuma odita ba ya kamawa, ba ya gurfanarwa. Rubutawa yake yi ya miƙa. Hukumomi masu cin gashin kansu ma tsarin mulki bai ba shi damar binciken littattafansu kai tsaye ba, sai dai ya ba su jerin oditocin da za su zaɓa, ya yi sharhi kan sakamakon, ya kuma riƙa leƙawa lokaci-lokaci. Dokar aikin binciken kanta ta 1956 ce, ta girmi 'yancin kai. Majalisar tarayya ta takwas ta zartar da sabuwa, ba a sa mata hannu ba. Masu dogon tunani kuma ba su manta da Vincent Azie ba, muƙaddashin odita da ya fitar da rahoto mai zafi kan lissafin 2001, a farkon 2003 aka wayi gari ba shi a kujerar. Ko da ofishin ya fi haka ƙarfi, oditoci nawa ne za su taka zuwa bayan makarantar firamaren garinmu? Samfuri suke ɗauka, kamar mai sayen hatsi da ke soka buhu ɗaya cikin goma. Namu buhun ba lallai a soka shi ba.

Don haka muka soka da kanmu. Na je shagon masu buga takardu na sa aka buga layukan biyu da manyan haruffa, na ja musu layi da jan biro. Muka ɗauki hoton ƙafafun tankin, da allon, da akuyar ma ta fito a ɗaya. Muka duba sunan kamfanin a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, muka tabbatar yana da rajista. Sakatarenmu, malamin makaranta ne mai kyan rubutu, ya tsara wasiƙa zuwa ga hukumar a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Dokar ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, kuma ba sai ka faɗi dalilinka na tambaya ba. Abu uku muka nema: takardar kwangila, jerin kayan aikin, da takardar shaidar kammalawa mai ɗauke da sunan wanda ya sa hannu. Na ukun nan ni na dage a saka. A ƙasan wasiƙar muka rubuta cewa za a aika kwafi ga ICPC, wadda tun 2019 take da shirin bin diddigin ayyukan mazaɓu, inda take fita da masana ƙididdigar gini a auna aiki da ido, kuma an sha jin ta mayar da 'yan kwangila bakin aiki.

Kafin mu aika, dagaci ya ce a kira kodineta a yi maganar gida tukuna. Aka zauna a zaure bayan la'asar. Ya zo da babbar riga da wayoyi biyu, ya gaisa da kowa, ya fara kamar kullum.

“Ranka ya daɗe, kamar yadda na sha faɗa, matsalar daga Abuja take. Honorabul kullum yana kan bibiya. Da zarar an saki kuɗi...”

Na ce, “Alhaji, gafara dai. Ko za ka duba mana wannan? Idona ba ya gani sosai.”

Ya karɓa yana murmushi. Ya karanta layin farko. Ya karanta na biyu. Ya juya takardar ya duba bayanta, babu komai a bayan. Ya ce, “Baba ma'aji, wa ya ba ku wannan?”

Na ce, “Gwamnati.”

Dagaci ya sunkuyar da kai yana gyara rawani, na san dariya yake ɓoyewa. Kodineta ya ce zai yi waya. Ya fita waje ya daɗe, muna jiyo muryarsa tana hawa tana sauka. Da ya dawo maganar ta canza: ashe ɗan kwangila ne ya sami matsala, ashe kaya sun yi tsada, ashe honorabul ma bai sani ba, kuma ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya roƙi a dakata da wasiƙar. Dagaci ya dube ni. Na ce wasiƙa ai ba faɗa ba ce, tambaya ce, mu aika, in an gama aiki sai mu sake rubuta wata ta godiya.

Mun aika. Kwana 7 ɗin doka suka wuce, suka ninka, suka sake ninkawa. Amsar hukumar ta zo bayan kusan wata biyu, shafi ɗaya, tana cewa ana tattara takardun. Har yau ana tattarawa. Amma tun kafin amsar ta iso, wata safiya muka ji ƙarar mota a hanyar maƙabarta. Tanki ne baƙi a bayan akori-kura, da faifan sola a jingine da katifa, da yara uku masu walda.

In za a tambaye ni ko shafin ya cancanci wahalarsa, zan ce ƙwarai, ga wanda yake da takamaiman aiki da yake bi, da sunan kamfani a hannu, da wani mai kwamfuta a kusa. Wanda zai shiga don ya ga yadda ake cin kuɗin ƙasa gaba ɗaya, zai fito da ciwon kai da hawan jini, bai riƙe komai ba. Da za a ji tawa, da an sa akwatin bincike a shafin gwamnatin kansa, an tilasta rubuta garin da aiki yake a gurbin bayani, an kuma liƙa takardar shaidar kammalawa kusa da kowane biya, da sunan mai sa hannu ɓaro-ɓaro. Fassara zuwa Hausa ma ba za ta gagara ba. Kanun layukan ba su kai goma ba.

Ruwa ya zo ranar wata Alhamis. Kan famfo shida aka sa, biyu sun fara ɗiga tun makon farko, muka sayi sababbi daga asusun ƙungiya, rasit na wurina. Faifan sola guda 6 na ƙirga a sama. Wani mai gyaran sola a garin ya hau ya duba injin ya ce irin wannan 8 yake buƙata, shi ya sa in hadari ya haɗu ruwan ke zuwa kamar fitsarin jariri. Nawa aka rubuta a kwangila, 6 ko 8? Amsar tana cikin jerin kayan da muka nema ba a ba mu ba. Sakatare ya riga ya rubuta wasiƙa ta biyu, ranar Litinin zan shiga birni in kai ta gidan waya.